Makullin Ofis a Aljihun Ma'aikaci

A 'yan shekarun nan akwai wata sanarwa da ta zama ruwan dare a ma'aikatu da jami'o'i, tun daga Amurka da Turai har zuwa bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa da ke aiki a ƙasashenmu. Daga sashen kula da kwamfutoci take fitowa, kuma kusan magana ɗaya ce a ko'ina: daga rana kaza, kalmar sirri ita kaɗai ba za ta ƙara buɗe maka imel ɗin aiki ba, ko shafin albashi, ko shafin da ɗalibi ke rajistar kwasa-kwasai da duba sakamakon jarrabawa. Sai ka sauke wata manhaja a wayarka, Microsoft Authenticator ko Google Authenticator ko Duo Mobile, ka haɗa ta da asusunka, ta riƙa shaida cewa kai ne duk lokacin da za ka shiga. Da wuya sanarwar ta tambayi ko kana da babbar waya, balle ta damu da wanda ya saya maka ita, ko kuma ko ka yarda harkar ofis ta shiga na'urar da hotunan 'ya'yanka da hirarka da iyalinka suke ciki. A ganina masu tsaron kwamfuta suna da gaskiya da suka ce kalmar sirri ta gaza, kuma duk ma'aikatar da ba ta ƙara mataki na biyu ba wasa take yi da amanar mutane. Inda suka kauce hanya shi ne mayar da wayar mutum ta kansa ta zama ƙofa ɗaya tilo. Wanda ya wajabta makulli shi ya kamata ya samar da shi ga wanda ba shi da shi, da kuma wanda ba ya son ba da aron nasa.

Gara a fara da sanin abin da manhajar ke yi, domin tsoron da wasu ke yi mata da sakacin da wasu ke yi da ita duk daga rashin sanin nan suke tasowa. Iri biyu ce. Ta farko lambobi shida take nunawa, waɗanda ke sauyawa bayan kowace daƙiƙa 30. Ranar da aka yi maka rajista, kwamfutar ma'aikata za ta nuna wani zane mai kusurwa huɗu, ka ɗauke shi da kyamarar wayarka. A cikin zanen nan akwai wani dogon sirri wanda daga ranar wayarka da babbar kwamfutar ma'aikata ne kawai suka san shi. Kowacce a cikinsu tana haɗa sirrin da lokacin da agogo ke nunawa, ta yi lissafi iri ɗaya, ta fitar da lamba iri ɗaya. Idan abin da ka rubuta ya yi daidai da abin da kwamfutar ta samu, an tabbatar wayar tana hannunka. Wannan ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis, ko layi babu a wayar zai yi aiki muddin agogonta daidai yake. Tsarin kuma ba mallakin wani kamfani ba ne, tun 2011 aka wallafa ƙa'idarsa a fili, kowa na iya ƙera manhaja ko na'urar da za ta bi shi. Iri na biyu kuwa saƙo ne ke faɗowa a fuskar wayar yana tambaya ko kai ne ke son shiga, ka danna ka amince. Wannan ya fi sauƙi a hannu, amma sai da intanet, kuma sai da manhajar kamfanin da ma'aikatar ta ƙulla ciniki da shi, ba wata ba.

Dalilin matsawa a kan wannan mataki ba ƙirƙirarsa aka yi ba. A watan Mayun 2021 masu kutse suka kai hari kan kwamfutocin Colonial Pipeline, kamfanin da bututunsa ke ɗaukar kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha. Shugaban kamfanin ya shaida wa majalisar dattawan ƙasar cewa da kalmar sirri guda aka shiga, ta wani tsohon asusu da ba shi da mataki na biyu. Bututun ya tsaya kusan mako guda, gidajen mai suka cika da layi, kamfanin ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4. A watan Fabrairun 2024 irin haka ta faru da Change Healthcare, kamfanin da ke tsakanin asibitoci da kantunan magani da kamfanonin inshorar lafiya a Amurka. Nan ma ƙofar da aka bi ba ta da mataki na biyu, kamar yadda shugaban uwar kamfanin na lokacin, Andrew Witty, ya amsa da bakinsa a gaban majalisa. An biya fansar dala miliyan 22, amma duk da haka bayanan mutum kimanin miliyan 190 suka fita. Jami'o'i ma ba su tsira ba. A 2018 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi wasu Iraniyawa tara da satar bincike daga jami'o'i 144 na Amurka da wasu 176 a ƙasashe 21, ta hanyar aika wa malamai imel na yaudara har suka rubuta kalmomin sirrinsu a shafukan bogi. Asusun malamai kimanin 8,000 aka ce sun faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a duk waɗannan tsagar ɗaya ce: abin da mutum ya haddace ana iya yaudararsa ya faɗa, ko a tsince shi a wani shafin da aka riga aka fasa, tunda yawancinmu kalma ɗaya muke maimaitawa a wurare da yawa.

Mai karatu na iya cewa ai bankunanmu sun daɗe suna aiko lamba ta saƙon tes, kuma ko ƙaramar waya tana karɓa, me ya sa ba za a tsaya nan ba? Saƙon tes ya fi babu nesa ba kusa ba, amma rauninsa sananne ne. Lambar waya a hannun kamfanin sadarwa take, kuma ana iya ɗauke ta daga wannan layi a mayar kan wancan. Duk wanda ya taɓa yin welkom-bak bayan ɓatan waya ya san yadda abin yake, ɗan damfara kuma wannan hanyar yake bi, ko da takardun ƙarya ko da haɗin bakin wani na ciki. A watan Agustan 2019 ta hanyar ƙwace lambar wayarsa aka shiga shafin Twitter na Jack Dorsey, alhali a lokacin shi ne shugaban Twitter ɗin. Ga kuma layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, wanda kamfani kan sake sayar da lambarsa ga wani, saƙonnin tsohon mai ita su ci gaba da zuwa hannun baƙo. Hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, tun 2017 ta sanya saƙon tes cikin hanyoyin da ake amfani da su bisa taka-tsantsan. Wani bincike da Google ya fitar a 2019 ya nuna lambar tes tana tare kashi 76 cikin ɗari na harin da aka auna wani takamaiman mutum da shi, saƙon amincewa da ke faɗowa a waya kuma yana tare kashi 90. Don haka wanda ya ce manhaja ta fi tes bai yi ƙarya ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne mataki na biyu ya girmi wayar zamani. Tun shekarun 1980 manyan kamfanoni da hukumomi ke raba wa ma'aikatansu wata 'yar na'ura da ake rataya wa a jikin makulli, mai ƙaramin gilashi da ke nuna lambobi masu sauyawa. SecurID ita ce ta fi shahara. Masu hulɗa da bankunan Najeriya sun san 'yar'uwarta, tokin da ake dannawa kafin a tura manyan kuɗi. A wancan zamani babu wanda ya yi gardama a kan wanda zai saya: ma'aikata ce ke saye, ita ke sauyawa idan batir ya mutu, ita ke karɓewa ranar da mutum ya bar aiki. Da wayoyin zamani suka yaɗu sai kamfanoni suka lura cewa kusan kowane ma'aikaci yana yawo da na'urar da za ta iya wannan aiki, wadda ya saya da kuɗinsa, yake yi mata caji da kuɗinsa, yake kuma tsaronta fiye da yadda zai tsare kayan ofis. Ta fuskar lissafin kamfani wannan riba ce tsagwaronta. Amma kuɗin bai ɓace ba, wuri ya sauya, ya tashi daga kasafin ma'aikata ya koma aljihun ma'aikaci ba tare da an zauna an yi magana ba. Ba a taɓa ɗaukar mai gadin kanti a ce ya zo da kwaɗonsa daga gida ba, kuma in da za a ce masa haka kowa zai ga rashin dacewar abin, ko da kuwa yana da kwaɗon da ba ya amfani da shi.

Amsar da masu kula da kwamfutoci suka fi bayarwa ita ce manhajar kyauta ce, ba ta cin wuri, ba ta shan data, minti biyu ya isa a saka ta. Duk wannan gaskiya ne ga wanda ya riga ya mallaki waya mai kyau. Sai dai sharaɗin da ke ɓoye a cikin umarnin ya fi saukar da manhaja nauyi. Ana nufin ka mallaki babbar waya, ka ci gaba da mallakarta muddin kana wannan aiki, ta kasance da caji a duk lokacin da za ka buɗe kwamfuta, kuma kada ta tsufa, domin masu waɗannan manhajoji sukan daina tallafa wa tsofaffin nau'o'in Android da iPhone bayan 'yan shekaru. Wayar da ke kira lafiya, take yin WhatsApp lafiya, rana ɗaya za a ce ba ta isa shiga ofis ba. A Amurka, inda aka tsara yawancin waɗannan manufofi, kusan mutum tara cikin goma na manya suna da wayar zamani, amma ko can saura ɗayan nan miliyoyin mutane ne. Idan aka kwaso manufar aka dasa ta a Najeriya, inda mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, kuma sabuwar wayar Android mai araha na iya lashe albashin wata guda na irin wannan ma'aikaci, inda kuma caji kansa wani lokaci sai an kai wa mai janareta an biya, to maganar kyauta ta faɗi. Masinja da direba da ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibiti su ma suna da shafin albashi da za su duba.

Kotuna a wasu ƙasashe sun riga sun taɓa gefen wannan batu. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Kalifoniya, a shari'ar da aka yi da kamfanin Schwan's Home Service, ta yanke cewa idan aka wajabta wa ma'aikaci amfani da wayarsa don kiran aiki, dole kamfani ya biya shi wani kaso mai ma'ana na kuɗin wayar, ko da tsarin da yake kai na kira ba iyaka ne, wato ko da aikin bai ƙara masa ko sisi ba. Hujjar kotun ita ce in ba haka ba kamfani ya ɗora wa ma'aikaci kuɗin gudanar da harkarsa ke nan. A watan Nuwamban 2021 babbar kotun ƙwadago ta Jamus ta yanke cewa masu kai abinci gida-gida a kan keke suna da haƙƙin kamfani ya ba su keke da wayar zamani, tunda su ne kayan aikin da ba a iya yin aikin sai da su, sai fa in an biya su diyyar da ta dace. Babu ɗaya daga cikin shari'o'in nan da aka yi a kan manhajar tantancewa kanta, kuma dokar Kalifoniya ba ta aiki a Kano. Amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinsu ba baƙuwa ba ce a wurinmu: kayan aiki na mai aiki ne. Abin da in babu shi ba za ka iya buɗe aikinka da safe ba, kayan aiki ne, komai ƙanƙantarsa.

Batun sirri shi ne inda ya kamata a yi adalci ga kowane ɓangare, domin ana yawan zuzuta shi, ana kuma yawan raina shi. Manhajar da lambobi shida kawai take nunawa ba ta karanta saƙonninka, ba ta kallon hotunanka, ba ta gaya wa ofis inda ka kwana. Wanda ya ƙi ta don tsoron leƙen asiri ya ji tsoron abin da babu. Ta biyu, mai saƙon amincewa, tana aika wasu bayanai: irin wayar, nau'in tsarin da ke kanta, ko tana da makullin fuska, da adireshin intanet da ake iya ƙiyasta garin da kake da shi. Akwai kuma mataki na uku da ake yawan cusa shi a rigar na farko, wato a ce ka yi wa wayarka rajista a tsarin kula da na'urori na ma'aikata, irin su Intune na Microsoft. Nan ofis ke samun ikon kafa wa wayar dokoki, kuma gwargwadon yadda aka saita abin, yana iya goge bayanan aiki daga nesa, a wasu saitunan ma ya goge wayar baki ɗaya. Wannan ya taɓa faruwa. A jihar Texas wani ma'aikacin kamfanin gine-gine ya ba da sanarwar barin aiki, bayan 'yan kwanaki kamfanin ya goge iPhone ɗinsa ta kansa daga nesa, hotunan iyali da lambobin mutane duk suka tafi. Ya kai ƙara, a 2014 kotun tarayya ta ce dokokin tarayyar da ya dogara da su ba su ba shi mafita ba. Matsalar ita ce ma'aikaci na yau da kullum ba shi da hanyar bambance waɗannan matakai uku. Takarda ɗaya ake tura masa, ya bi umarni, ya danna amincewa sau huɗu ko biyar. Abin da aka fara da shi bana a matsayin lambobi shida, baɗi ana iya cewa sai an ƙara rajistar na'ura, kuma wanda ya riga ya buɗe ƙofa da wuya ya iya rufewa.

Za a ce ai da yardarsa ya saka. Hukumomin kare bayanai na Tarayyar Turai sun daɗe da bayyana cewa yardar ma'aikaci ga mai ba shi albashi da wuya ta zama yarda ta gaskiya, saboda ƙarfin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ita ma ta shardanta cewa yarda sai an bayar da ita bisa zaɓin kai. Wanda aka ce masa ko ka saka ko ka kasa shiga aikinka ba a ba shi zaɓi ba.

Akwai kuma haɗarin da ake ɗora wa mutum ba tare da an ambata ba. Ƙwacen waya a Kano da wasu manyan garuruwanmu ba labari ba ne da sai an kawo hujja, mutane sun rasa rayukansu a kansa. Wayar da aka ƙwace a adaidaita sahu da yamma, in ita ce makullin ofis, gobe da safe mai ita ba zai yi aiki ba, kuma zai tsaya yana bayani kamar shi ya yi laifi. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin miji da mata, ko uwa da 'ya'yanta, yaro ya karɓa ya yi wasa, ƙani ya ara ya fita da ita. Ma'aikatar da ta jingina tsaronta a kan irin wannan waya ta jingina shi ne a kan na'urar da ba ta san hannu nawa ke taɓa ta ba, ba ta kuma da hurumin hana hakan. Sannan akwai iyakar da ke tsakanin aiki da gida. Faransa ta ga muhimmancin wannan iyaka har ta kafa doka, wadda ta fara aiki a farkon 2017, da ke wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu a kan haƙƙin kashe na'urorin aiki bayan an tashi. Manhajar tantancewa ita kaɗai ba ta karya wannan iyaka, amma sau da yawa ita ce ke share hanya, imel ɗin aiki ya biyo, manhajar taro ta biyo, har wayar ta koma reshen ofis.

Halin ɗalibi ya fi na ma'aikaci tsanani, domin shi ba albashi ake ba shi ba, shi ke biya. Jami'ar da ta ce sai da manhaja za a yi rajista ta ƙara wani kuɗin makaranta ne wanda ba ya cikin takardar kuɗin da ta buga. Ɗalibin da wayarsa ta faɗa ruwa a daren da wa'adin miƙa aiki zai cika ba shi da wanda zai kira da ƙarfe goma sha ɗaya. Akwai ma saɓani a cikin dokokin makarantun kansu. Ɗakin jarrabawa ba a shiga da waya, hukumar JAMB ta haramta ta a cibiyoyinta, yawancin makarantun kwana na sakandare sun haramta ta ɗungurungum, ƙasashe da dama kuma suna ta ƙara tsananta hana ta a aji. Makarantar da ke ƙwace waya a bakin ƙofa ba za ta iya cewa sai da waya za a buɗe darasi a kwamfuta ba. Ga yara 'yan ƙasa da shekara 18 kuwa, wayar ma yawanci ta iyaye ce, kuma shawarar ko yaro zai riƙe babbar waya ko ba zai riƙe ba ta gida ce. Iyaye da yawa suna jinkirta ta da gangan, saboda dalilai na tarbiyya da suka fi kowa sani, bai kuma kamata sashen kwamfuta na makaranta ya warware musu wannan shawara ta bayan gida ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan tilasta wayar mutum daga fagen tsaron kansa take fitowa: manhajar ba ita ce hanya mafi inganci ba. A watan Satumban 2022 wani mai kutse da ya samu kalmar sirrin wani ɗan kwangilar Uber ya yi ta ƙoƙarin shiga, saƙon neman amincewa ya yi ta faɗowa a wayar mutumin ba ƙaƙƙautawa, har daga ƙarshe ya danna ya amince. Cisco, wanda shi ne ya sayi kamfanin Duo a 2018 a kan dala biliyan 2.35, shi ma ta irin wannan hanya aka shige shi a shekarar 2022 ɗin. Wannan ne ya sa daga watan Mayun 2023 Microsoft ya wajabta cewa sai mutum ya rubuta lambar da ya gani a kwamfuta a cikin wayar, danna amincewa kawai ya daina isa. Lambobi shidan ma ana sace su: shafin bogi ya karɓi kalmar sirri, ya nemi lambar, ɓarawo ya yi amfani da ita nan take kafin daƙiƙa 30 su cika. A 2022 wani gungu ya aika saƙonnin tes na yaudara ga ma'aikatan kamfanoni fiye da ɗari. An shiga ɗaya daga cikinsu, kamfanin Twilio. A Cloudflare ma'aikata aƙalla 76 suka samu saƙon, uku suka rubuta kalmomin sirrinsu a shafin bogin, amma ɓarayin ba su shiga ba, domin kamfanin ya raba wa kowane ma'aikaci makullin tsaro, wata 'yar na'ura da ake sokawa a jikin kwamfuta a taɓa ta da yatsa. Wannan makulli yana duba adireshin shafin da kansa, in na bogi ne ba zai amsa ba, ko da mai shi ya ruɗu. Google ya ce tun da ya wajabta irinsa ga ma'aikatansa fiye da 85,000 a farkon 2017, har zuwa lokacin da ya yi bayanin a 2018 ba a tabbatar da ƙwace asusun aiki ko ɗaya ta hanyar yaudara ba. Kamfanonin da suka fi kowa sanin wannan harka, da suka tashi kare kansu, na'ura suka saya suka raba.

Saura maganar tsada, kuma ba maganar banza ba ce. Makullin tsaro irin na Yubico da dala ake sayensa, kuɗin da in aka juya shi zuwa naira ko sefa aka ninka da yawan ɗaliban babbar jami'a zai ba shugaban makaranta tsoro. Ga ɓata, ga rabawa, ga ma'aikatan da za su kula da shi. Kuma gaskiya ne cewa mafi yawan mutane, in aka ba su zaɓi, wayarsu za su ɗauka, don ba sa son ƙarin abin ratayawa. Amma wannan gaskiyar ita ce ke rushe hujjar tsadar. In mafi yawa za su zaɓi waya da kansu, to waɗanda za a saya wa na'ura kaɗan ne, kuɗinsu kuma bai kai abin da ma'aikata ke kashewa a kan kujeru ba. Akwai ma hanyoyin da ba su kai haka tsada ba. Wanda aka ba kwamfutar ofis, ita kanta kwamfutar tana iya zama shaidar, ta hanyar zanen yatsa ko lambar da ke aiki a kanta kaɗai. Akwai tokin mai nuna lambobi shida da ke bin buɗaɗɗiyar ƙa'idar nan ta 2011. Akwai jerin lambobin ko-ta-kwana da ake bugawa a takarda, kowacce a yi amfani da ita sau ɗaya. Abin da ake buƙata daga ma'aikata shi ne ta rubuta waɗannan hanyoyi a cikin sanarwar farko, a fili, ba sai mutum ya je ya yi roƙo ko ya tona talaucinsa a gaban wani jami'i ba. Ta kuma bar wanda ya zaɓi waya ya saka manhajar da ya ga dama matuƙar tana bin ƙa'idar, ta faɗa a rubuce abin da take iya gani da abin da ba ta iya gani, kuma in har aikin ya kai a ce sai an yi wa na'ura rajista ana sarrafa ta daga nesa, to ta sayi wayar aiki ta bayar.

Wani abu da ke nuna ko ma'aikata da gaske take yi ko kuwa sauke nauyi kawai take so, shi ne tanadin da ta yi wa ranar da makullin ya ɓata. Waya za ta ɓata, za a sace ta, za a sauya ta a manta ba a kwashe manhajar ba, kuma kowace irin wannan rana sai wani ya ɗauki kiran mutumin ya sake buɗe masa hanya. In aka tsaurara wannan mataki ba tare da isassun ma'aikata ba, mutane za su yi kwanaki a waje, su fara ba juna aron asusu. In aka sassauta shi, ɓarawo ya samu ƙofar baya. A watan Satumban 2023 rahotanni sun nuna cewa da kiran waya zuwa teburin taimakon ma'aikata, ana kwaikwayon wani ma'aikaci, aka fara kutsen da ya durƙusar da otal-otal da gidajen cacar MGM a Las Vegas, kamfanin kuma ya ƙiyasta asararsa a kimanin dala miliyan 100. Maganin wannan shi ne kowane mutum ya kasance da hanya biyu tun ranar rajista, ta yadda in ɗaya ta ɓata zai shiga da ɗayar ya soke wadda ta ɓata da kansa, sannan a samu ofishin da zai iya zuwa da katin shaidarsa a gan shi ido da ido. Hanya ta biyun nan ba za ta zama wata wayar ba, tunda ba kowa ke da waya biyu ba. Dole ta zama takarda ko tokin ko makullin da ma'aikata ta bayar, wato dai abin da aka ce ya yi tsada tun farko.